Kun Tambaya, Mun Amsa: Gobin Kogi Mai Faifai a Ƙirji

Wasiƙun wannan fitowa yawancinsu a kan kifin gobi suka tsaya, musamman wanda ake samu a kogunan Afirka ta Yamma masu zuba a teku. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗa masu kama da juna.

Tambaya, daga wani mai sayar da kifi mazaunin Kalaba: Assalamu alaikum. Masunta sukan haɗo mana wani kifi cikin kamun kogi, mai launin yashi, leɓɓansa manya, idanunsa a can saman kai. A ƙirjinsa akwai wani abu zagayayye da yake manne wa jikin roba da shi. Na ɗauka ɗan tufi ne, abokan sana'a suka ce a'a. Wane kifi ne, kuma da me zan gane shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokan sana'arka sun yi gaskiya. Siffar da ka zayyana ta gobi ce, kuma a yankin da kake mafi kusa shi ne wanda masana ke kira Awaous lateristriga. Ana samunsa a kogunan gaɓar teku tun daga Senegal har Angola, da tsibiran Mashigin Gini. Babbansa yakan kai wajen santimita 26, ban da wutsiya, amma na kasuwa sukan gaza haka nesa.

Kada ka dogara da launi. Kifin nan yana yin haske a kan farin yashi, ya yi duhu a kan laka, idan ya mutu kuma zanen jikinsa ya dushe cikin ɗan lokaci. Ka fara da birkita shi ka dubi ƙirji. Kifi irin ƙarfasa yana da fikafikan ciki biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne a ware. A jikin gobi waɗannan biyun sun haɗe sun zama faifai guda. Kowane ɓari yana da ƙaya ɗaya da tsinkaye biyar masu laushi, wata fata ta haɗa su a tsakiya, wata kuma ta ratsa gaba ta haɗa ƙayoyin biyu, faifan ya yi zurfi. Idan kifin ya danna shi a jikin dutse, ruwan da ke ciki ya fita, sai ya kama, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Da wannan yake tsayawa a inda ruwa ke gudu ba tare da ya yi ta iyo ba.

Na biyu, dubi gadon baya. Gobi yana da fikafikan baya biyu, da ɗan fili a tsakaninsu. Na gaba gajere ne, ƙayoyi shida masu lanƙwasuwa, ba sa suka. Na baya ƙaya ɗaya ce a gaba, tsinkaye goma na biye da ita, kuma fiffiken da ke ƙarƙashi bayan dubura adadinsa ke nan. Tufi kuwa fiffike ɗaya ne dogo tun daga bayan kai har kusa da wutsiya, babu ƙaya ko ɗaya a cikinsa. Wannan kaɗai ya raba gardama. Za ka kuma lura babu layin nan da ke ratsa gefen jikin yawancin kifaye. Gobi ba shi da shi. Madadinsa yana da ƙananan ƙofofi da jerin ƙananan ɗigogi a kai da kumatu, da su yake jin motsin ruwa.

Waɗannan duka sun nuna gobi ne. Abin da zai tabbatar maka Awaous ne yana ɓoye. Ɗaga murfin kunnensa da farce, ka dubi gefen ƙashin kafaɗa, wato bangon baya na ramin numfashi. Za ka ga 'yan tsiron nama masu laushi a jere a gefen, suna leƙawa cikin ramin. Yawancin gobi ba su da su. Ka haɗa wannan da doguwar fuska mai gangarowa, da leɓen sama mai kauri wanda ya ɗara na ƙasa, da baki mai kallon ƙasa, ka gama gane shi.

Wannan baki yana da dalili. Kifin yana cika baki da yashi, ya tace ƙananan tsutsotsi da 'ya'yan ƙwari da gansakuka, ya fitar da yashin ta kunnuwa. In ya firgita sai ya girgiza jiki ya nutse cikin yashin, idanu kaɗai a waje, shi ya sa suke a saman kai. In ka samu mai rai za ka ga tabo-tabo masu duhu a jere a gefensa har gindin wutsiya, da zane mai duhu da ya gangaro daga ido zuwa leɓe, da ɗigogi a jere a wutsiya da fikafikan baya. Ɓawon jikinsa ƙanana ne, sun haura hamsin a jere ɗaya daga kafaɗa zuwa wutsiya, kuma in ka shafo daga baya zuwa gaba za ka ji kaushi.

Akwai wasu da ake haɗa shi da su a kwando ɗaya. Nematogobius maindroni ƙarami ne, yana da 'yan gajerun gemu a haɓa. Eleotris da Dormitator suna da fikafikan baya biyu su ma, amma fikafikan cikinsu a rabe suke, babu faifai.

Tambaya, daga wata ɗaliba mai nazarin halittu: Littafinmu ya sa wannan kifi a dangin Gobiidae. Na duba wani wuri na ga Oxudercidae, wata tsohuwar takarda kuma ta kira shi Chonophorus. Wanne zan rubuta?

Amsa: Malama, duka ukun kifi ɗaya suke nufi, zamaninsu ne ya bambanta. Masanin Faransa Auguste Duméril ne ya fara siffanta shi a 1861 da sunan Gobius lateristriga, a lokacin da ake zuba kusan duk mai faifai a cikin jinsin Gobius. Daga baya aka mai da shi jinsin Awaous, wanda masani Valenciennes ya kafa tun 1837. Chonophorus suna ne da aka daɗe ana amfani da shi a rubuce-rubucen kifayen Afirka, yanzu ana ƙirga shi a cikin Awaous. Shi ya sa za ki ga ana sa sunan Duméril da shekarar a cikin baka: alama ce cewa an ɗauke kifin daga jinsin da aka fara sa shi.

Maganar dangi ita ce mai nauyi. A tsohon tsari, gobi duka reshe ne na babban rukunin Perciformes, masu faifai kuma dangi ɗaya ne, Gobiidae, an kasa shi ƙananan dangogi, Awaous yana cikin Gobionellinae. Da aka fara kwatanta ƙwayoyin gado, sai aka ga masu faifan sun rabu gida biyu manya. A 2009 masaniya Christine Thacker ta ba gida na biyu, wanda Awaous yake ciki, matsayin dangi mai zaman kansa da sunan Gobionellidae. Amma ƙa'idar sanya suna tana fifita wanda ya riga, kuma Oxudercidae na Günther, na 1861, ya girmi Gobionellidae, wanda asalinsa sunan da Bleeker ya kafa ne a 1874. Daga 2016 sunan Oxudercidae ya bazu. Tsarin da aka fi bi yanzu shi ne: aji Actinopterygii, rukuni Gobiiformes mai nau'i fiye da 2,000, dangi Oxudercidae, ƙaramin dangi Gobionellinae, jinsi Awaous, nau'i Awaous lateristriga.

Wannan sauyi ya fito da zumuntar da ido ba zai ba ki ba. A sabon tsari, gobin yashin nan dangi ɗaya yake da Periophthalmus barbarus, kifin da ke tsalle a kan laka a dazuzzukan bakin tekun Neja Dalta, da kuma masu hawan duwatsu irin Sicydium. Ya fi kusa da su a kan wasu gobin teku da suka fi kama da shi a fuska.

A ganinmu, a jarrabawa ki bi tsarin da malaminki ya koyar, domin har yanzu akwai masana da ke riƙe da Gobiidae mai faɗi, ba kuskure ba ne. A rubutun bincike kuma ki faɗi tsarin da kika bi a farkon aiki, ki tsaya a kansa har ƙarshe. Abin da ke ɓata aiki shi ne a sa Awaous a wannan dangi a shafi na uku, a sa shi a wancan a jadawali. 'Yan'uwansa na jinsi ɗaya da za ki ci karo da su sun haɗa da Awaous aeneofuscus a gabashi da kudancin Afirka, Awaous banana a nahiyar Amurka, da Awaous bustamantei a tsibiran Mashigin Gini.

Tambaya, daga wani masunci a yankin Haɗeja: Tunda kifin ruwan daɗi ne, me ya hana mu samunsa a nan? Ko za a iya kawo iri a zuba a dam? Akwai kuma wani ɗan kifi da muke gani yana manne wa duwatsu, ko shi ne?

Amsa: Malam, babban ne ke zaune a ruwan daɗi, jaririn ɗan teku ne. Macen Awaous tana manna ƙwai masu ɗimbin yawa, ƙanana ƙwarai, a jikin dutse cikin kogi, namiji ya tsare su yana kaɗa musu ruwa. Suna ƙyanƙyashewa da wuri, 'ya'yan kuma suna fitowa ba su da ƙarfin iyo, ba su fara cin abinci ba, guzurinsu ɗan ƙwanduwar da ke cikinsu. Ruwa ne ke kwashe su zuwa teku. Dole su isa ruwan gishiri cikin 'yan kwanaki, kafin guzurin ya ƙare. A teku suke yin makonni ko watanni suna cin ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, sannan su taru a bakin kogi, jikinsu garai-garai, su kama hanyar hawa. A nan launi ke fito musu, su koma zaman ƙasa.

To dubi ruwanku. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi, tafkin kuma ba shi da mafita zuwa teku. Ko an zuba manya a dam ɗin Tiga ko Challawa, za su iya rayuwa na ɗan lokaci, har su yi ƙwai, amma babu ɗa ɗaya da zai tashi. Asarar kuɗi ce kawai. Wannan dalili ne kuma ya sa madatsar ruwa kusa da bakin teku ke yi wa irin waɗannan kifaye illa: tana tsare 'ya'yan a ruwa mai kwanciya har guzurinsu ya ƙare, tana kuma tare masu dawowa.

Dawowar tasu kanta sana'a ce a wasu ƙasashe. A Sao Tome, da tsibirin Reunion, da arewacin Filifin, mutane suna tare bakin kogi su kwashi 'ya'yan gobi masu hawa, abinci ne mai daraja a can. Wasunsu kuma gwanayen hawa ne na ban mamaki: a Hawai ana samun Lentipes concolor a saman magangarar Akaka mai tsayin kusan mita 135. Awaous bai kai nan ba, jikinsa ya yi nauyi, ya fi zama a ƙasan kogi da tsakiyarsa inda yashi yake.

Shi kuma ɗan kifin da kuke gani a jikin duwatsu, ka duba da me yake mannewa. In da baki ne, leɓɓansa sun baje sun zagaye bakin, jikinsa ba ɓawo, da ɗan fiffiken kitse kusa da wutsiya, to Chiloglanis ne, dangin kurungu. Ka yi hattara da ƙayarsa. Amma yankinku bai rasa ɗan'uwan gobi ba. Akwai Kribia nana, wanda Boulenger ya siffanta a 1901, ana samunsa a ruwayen Chadi da Nilu da Kongo. Bai cika kai santimita 5 ba, fikafikan bayansa biyu, na cikinsa a rabe, kuma rayuwarsa duka a ruwan daɗi yake yin ta. Ƙanƙantarsa ce ta sa raga ba ta riƙe shi, mutane ba su san da shi ba.

Tambaya, daga wani mai kiwon kifin ado a Legas: Na sa wannan gobi guda uku a akwatin gilashi mai tsakuwa. Bakinsu ya yi ja, sun rame, ɗaya ya yi tsalle ya faɗo. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, tsakuwar ce farkon matsala. Kifin da abincinsa da maɓoyarsa duk yashi ne, in ka ba shi tsakuwa zai yi ta ƙoƙarin cusa baki yana gurje leɓe, ciwon ya kama ƙwayar cuta, ya daina ci. Cire ta, ka zuba yashin kogi mai laushi, wankakke har ruwansa ya fito fes, kaurin santimita 4 zuwa 5. Kada ya wuce haka da yawa, domin ƙasan yashi mai zurfi yana rasa iska ya yi baƙi ya yi wari. Duwatsun ado ka ɗora su a kan gilashin ƙasa kafin ka zuba yashi. In a kan yashin ka ɗora, kifin zai haƙe ƙarƙashinsu su danne shi.

Ramar kuma yawanci daga abinci mai yawo a saman ruwa ne. Manyan gobin ƙasa ba su da jakar iskar da ke riƙe kifi a tsakiyar ruwa, da sun daina iyo sai su nutse, don haka ba sa iya gasa da masu cin sama. Ba su abinci mai nutsewa: jar tsutsa, yankakken jatan lande, ƙwayar abinci mai ganye a ciki, kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, ɗaya bayan an rage haske. In suna ci amma ciki na shafewa, a yi zargin tsutsar ciki, tunda daga kogi aka kamo su, a nemi likitan dabbobi.

Kowannensu yana kare filinsa, saboda haka faɗin ƙasa ya fi zurfin ruwa amfani. Guda uku suna son akwati mai tsawon santimita 120 ko fiye, da duwatsu ko itace da za su tsare ganin juna. Ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 da 28, da famfo mai motsa saman ruwa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, kifin kogi kuwa shi ke fara galabaita in wuta ta ɗauke, don haka ƙaramin famfon iska mai batir ba almubazzaranci ba ne. Sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, da ruwan da aka cire wa kulorin. Ba sa buƙatar gishiri. Murfi kuwa wajibi ne, har ramin da waya ke shiga a toshe, domin da faifan nan suna iya hawa jikin gilashi mai danshi.

Kada ka sa rai da hayayyafa. Za su iya yin ƙwai, amma renon 'ya'yan yana buƙatar ruwan teku da abinci ƙanƙane da ido ba ya gani. Duk wanda ka gani a kasuwa daga kogi aka ɗebo shi, kuma wannan ya isa dalilin kada ka sayi fiye da abin da za ka iya riƙewa.

Tambaya: Yaya ake bambanta mace da namiji?

Amsa: Dubi ɗan tsiron da ke bayan dubura. Na namiji siriri ne mai tsini, na mace gajere ne mai faɗi da dakusasshen kai. A manya, bakin namiji ya fi girma, fikafikansa na baya sun fi tsawo. A ƙanana ba ya fitowa sai da gilashin ƙara girma.

Tambaya, daga wani ɗalibi mai aikin kammala karatu: Na adana samfura a barasa, suka ƙanƙance, fikafikan suka manne, na kasa ƙirgawa. Yaya ake yi?

Amsa: Malam, barasa kai tsaye tana zuƙe ruwan jikin kifi kafin naman ya daskare, shi ya sa ya motse. Ga yadda ake bi. Kashe kifin da man kanumfari a ruwa, kada a bar shi ya mutu a busasshiyar ƙasa, domin yakan sandare baki buɗe, jiki a karkace. Ɗauki hotonsa nan take ta gefen hagu, da ta ƙasa don faifan ya fito, da ruler a gefe. In za a yi gwajin ƙwayoyin gado, yanki ɗan fiffiken ƙirji na dama ka sa a barasa mai ƙarfin kashi 95 tun yanzu, saboda famalin, maganin hana ruɓewa da za a yi amfani da shi nan gaba, yana lalata su.

Sai ka kwantar da shi a kan soso, ka baje fikafikai da allurai, ka shafa musu famalin da ɗan burushi, ka jira 'yan mintoci su tsaya a buɗe. Haɗin famalin shi ne awo ɗaya na wanda ake sayarwa mai ƙarfin kashi 37 zuwa 40, da awo tara na ruwa. Wanda ya haura santimita 15 a ɗan tsaga cikinsa ta dama don maganin ya shiga, in ba haka ba hanji zai ruɓe daga ciki. Ya yi mako ɗaya a ciki, a jiƙa shi a ruwa kwana ɗaya ko biyu ana sauyawa, sannan a mai da shi barasa mai kashi 70. Famalin guba ne: safar hannu, tabarau, da wuri mai iska. Takardar bayani a rubuta ta da fensir a jefa cikin kwalbar, da sunan kogi, wuri, kwanan wata, da irin ƙasan ruwan. Tawadar biro tana narkewa.

Wajen awo, kada ka haɗa da wutsiya, domin takan gutsure. Auna daga kan leɓen sama zuwa inda fata ke yin ƙonƙoro in ka lanƙwasa wutsiyar gefe. Wajen ƙirga, haska fitila ta bayan fiffiken. Ƙaya ba ta da gaɓoɓi kuma ba ta rassa, tsinke yana da gaɓoɓi, ko da duka biyun sun yi laushi. Ana rubuta ƙaya da lambar Rumawa, tsinke da lambar yau da kullum, don haka fikafikan bayan Awaous lateristriga VI da I,10 ne, na ƙarƙashi I,10. Inda ɗalibai suka fi faɗawa shi ne tsinken ƙarshe: ya rabu biyu tun daga gindi, amma ɗaya ake ƙirga shi. Wanda ya samu 11 ya koma ya duba nan kafin ya ce ya gano sabon nau'i. Faifan kuma a taɓa shi a hankali, domin in fatar tsakiya ta yage zai zama kamar fikafikai biyu rababbu, a sa kifin a dangin da ba nasa ba. In ka yi shakka, ƙirga siraran ƙasusuwan da ke riƙe fatar maƙogwaro a ƙarƙashin murfin kunne: biyar a kowane gefe ga masu faifai, shida ga Eleotris da Kribia.

Tambaya: Ana cinsa?

Amsa: Ana ci, namansa fari ne mai laushi. A cire kayan ciki a wanke ramin kunnuwa sosai, in ba haka ba yashi zai shiga miya. A dafa shi ya nuna, kamar kowane kifin kogi, saboda tsutsotsin da ɗanyen kifin ruwan daɗi kan ɗauka.